Likitan da Bai Iso Dutse Ba: Tarihin Walter Oudney

A tsakiyar watan Janairu na shekarar 1824, hunturu na kan ganiyarsa, wani ayari da ya taso daga Kukawa ta Borno ya ratso ƙasar da muke kira Jigawa ta tsakiya a yau, ya nufi Kano. Bature ɗaya ne a cikinsa, Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Birtaniya, mutumin Sikotlan. Suka sauka a wani gari mai ganuwa da itatuwan dabino, wanda ya rubuta sunansa Katungwa, kuma bisa dukkan alamu Katanga ce ta ƙasar Kiyawa. Daga nan ya hango jerin duwatsu sun miƙe kudu maso yamma. Ya rubuta cewa akwai babban gari a kan ɗaya daga hanyoyin Katagum zuwa Kano wanda ya ci sunan duwatsun nan, wato Dutse. Ya ƙara da cewa tun da suka baro rijiyoyin bakin Sahara ba su sake ganin dutse ba, ko da tsakuwa, sai a nan.

Wannan bayani ba Clapperton ya kamata ya rubuta shi ba. Duwatsu da tsirrai da cututtuka aikin abokin tafiyarsa ne, Likita Walter Oudney, wanda shi aka fara ɗora wa jagorancin tafiyar tun daga Landan. Amma 'yan kwanaki kafin a iso Katanga an binne likitan a bayan ƙofar wani ƙaramin gari, Murmur, kusa da tsohuwar Katagum. Da ya ƙara mako guda a duniya, da shi ne masanin Turai na farko da zai ɗauki dutsen ƙasarmu ya juya shi a hannu, ya tambayi sunan itatuwan da ke tsirowa a gindinsa.

Kafin a gane irin mutumin, sai an san gidan da ya fito. A birnin Edinbara akwai wata tsohuwar al'ada, ta cewa likita ba ya tsayawa kan majinyaci kaɗai, sai ya san ƙasa da abin da take fitarwa. Wanda ya kafa harsashinta shi ne Robert Sibbald, da aka haifa a 1641 ya rasu a 1722. A 1670 shi da wani likita, Andrew Balfour, suka buɗe lambun tsirran magani domin ɗalibai su ga ganye da saiwa da idonsu, kuma lambun nan ne ya girma ya zama babban lambun tsirrai na Edinbara. A 1681 ya tsaya aka kafa ƙungiyar likitocin birnin, a 1682 aka naɗa shi masanin labarin ƙasa na sarki, a 1685 ya zama farfesan likitanci na farko a jami'ar. Ya riƙa aika tambayoyi a rubuce zuwa sassan Sikotlan, yana neman labarin koguna da dabbobi da ma'adinai da cututtuka, ya tattara wani ɓangare a littafinsa Scotia Illustrata na 1684. Ra'ayinsa shi ne kowace ƙasa tana tsirar da maganin cututtukan da ke damun mutanenta, maganar da duk mai maganin gargajiya a kasuwar Shuwarin zai gyaɗa mata kai. Bayan an buɗe sashen likitanci sosai a 1726, ilmin tsirrai ya kasance cikin darussan da ake koya wa ɗaliban likitanci. Abin da ya sa ke nan, duk lokacin da Birtaniya ta nemi wanda za ta aika Afirka, ta kan same shi a cikin likitocin Sikotlan. Mungo Park, wanda ya hallaka a Busa a 1806, a wannan makaranta ya yi karatu.

An haifi Oudney a Edinbara a watan Disamba na 1790, a gidan da ba na masu hali ba. Ya shiga sojan ruwa a matsayin mataimakin likita, ya yi aiki a tekunan gabas wajen Indiya, a 1814 ya zama cikakken likitan jirgi. Da yaƙin Napoleon ya ƙare a 1815 aka sallami dubban hafsoshi a kan rabin albashi, shi ma yana ciki. Ya koma gida, ya koma aji, ya sami digirin likita a 1817. Ya shiga ƙungiyar Wernerian ta masu nazarin halittu, wadda Farfesa Robert Jameson ya kafa a 1808, kuma burinsa a lokacin bai wuce ya zama malamin ilmin tsirrai ba. A Edinbara ya san Clapperton, ɗan wani likita daga garin Annan, shi ma yana zaune a kan rabin albashi ba aikin yi. Da aka yi wa Oudney tayin tafiya Borno, shi ya nemi a haɗa shi da abokinsa.

Abin da Landan ke nema ba ɓoyayye ba ne. Suna son sanin inda Kogin Kwara ya ƙare, suna son hanyar ciniki zuwa cikin ƙasa, suna kuma son wakili a fadar Borno, muƙamin da aka tanadar wa Oudney. John Barrow, babban jami'i a ma'aikatar sojan ruwa, ya ƙulla a ransa cewa Kwara tana bi ta Tafkin Chadi ta haɗu da Nilu. Ƙaramin jakadan Birtaniya a Tarabulus, Hanmer Warrington, ya tabbatar wa gwamnatinsa cewa Basha Yusuf Karamanli zai iya raka baƙi har Borno lafiya. Daga baya aka ƙara musu wani sojan ƙasa, Manjo Dixon Denham, ba tare da an fayyace wa ke gaba da wa ba. Wannan sakaci ya haifar da gaba da ta bi su har ƙarshen tafiya, ta kuma shafi yadda aka rubuta tarihinta. Na huɗunsu kafintan jirgi ne, William Hillman.

Suka isa Murzuk ta Fazzan a watan Afrilu na 1822, suka maƙale a can watanni ana jiran rakiya. Denham ya juya Tarabulus ya matsa wa Basha. Oudney da Clapperton kuwa suka yi amfani da zaman jiran, suka yi yamma zuwa Gat tare da wani jagora Buzu mai suna Hatita, daga Yuni zuwa Agusta. Labarin wannan tafiya shi ne rubutu mafi tsawo da Oudney ya bari, kuma a cikinsa ake ganin irin idonsa. Ya bayyana tafkunan kanwa da ke tsakiyar rairayi, da yadda ake ɗibar kanwar ana kai ta kasuwa. Ya ga wani tafki mai gishiri da mutanen wurin ke kamo ƙananan halittu jajaye daga cikinsa suna ci. A Jarma ya duba wani gini na zamanin Rumawa. Ya lura da rubutu a jikin duwatsu, ya bi diddigi har ya gane cewa Buzaye suna da haruffansu na kansu, ya kwafo goma sha tara. Wannan ne karo na farko da masanan Turai suka sami labarin Tifinag daga wanda ya gani da ido, haruffan da har gobe ake rubutu da su a Agadas da Azbin. Abin da na fi so a rubutunsa shi ne rashin kumbura kai. Yana faɗin abin da ya gani, ya auna, ya wuce, kuma yana ambaton Buzaye da girmamawa.

A ranar 29 ga Nuwamba 1822 suka bar Murzuk tare da attajiri Abubakar Bu Kullum da mahayansa Larabawa, suka bi hanyar Bilma. A bakin rijiyoyi suka riƙa iske ƙasusuwan bayin da ƙishirwa da gajiya suka kashe a kan hanyar arewa, wani wuri fiye da ɗari. Mai karatu Bahaushe ba zai wuce wannan shafi da sauƙi ba, domin da yawa daga waɗannan mutane daga Borno da ƙasar Hausa aka kwaso su. Tun a hamada ƙirjin Oudney ya fara ciwo, tari ya kama shi, amma bai daina tsinkar ganye yana matsewa a takarda ba. Ranar 4 ga Fabrairu 1823 suka hango Tafkin Chadi, ranar 17 ga wata suka shiga Kukawa, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya karɓe su.

A Borno likitan ya yi wata goma. Marasa lafiya suka riƙa cika ƙofar masaukinsa, daga fadawa har talakawa. Ya je Kogin Shari tare da Clapperton, ya ziyarci kufan Birnin Gazargamu da Gambaru, yana aika wasiƙu ga Jameson a Edinbara. Ya kuma duba kogin da ake ce wa Yo, wanda Landan ke zaton shi ne Kwara, ya ga bai kai girman da ake ba shi ba. Kogin nan namu ne. Ruwan Challawa da na Kano ne ke haɗuwa su bi ta Wudil da Ringim da Haɗejiya, su gamu da na Jama'are da ya biyo ta Katagum, su zama Komadugu Yobe. Tambayar da ta hana manyan Landan barci, wani yanki na amsarta yana kwance a fadamun Jigawa, kuma kowane masunci a Haɗejiya ya san ruwan nan gabas yake yi zuwa Chadi. Damina ta zo ta kwantar da su duka da zazzaɓi. Bu Kullum ya riga ya mutu a wani harin kamun bayi da ya kai wajen Mandara, wanda Denham ya bi duk da Oudney bai so ba. Da kaka ta yi, likitan ya san ciwonsa ba na tashi ba ne, irin tarin da yau za mu kira tarin fuka. Duk da haka ya zaɓi ya tafi ƙasar Hausa maimakon ya zauna jiran ajali a Kukawa.

Ranar 14 ga Disamba 1823 suka tashi, su biyu, cikin ayarin fatake Larabawa 27 da Barebari kimanin 50, tare da wani ɗan kasuwa Muhammadu al-Wurdi da Shehu ya haɗa su da shi. Suka bi gaɓar Yobe zuwa ƙasar Bade. A ƙarshen watan aka yi wani dare mai sanyin da Clapperton ya ce ruwan da ke cikin ƙananan kwanuka ya yi ƙanƙara a sama, salkuna suka sandare. Masana a Turai sun daɗe suna jayayya kan wannan magana, wasu har suka ce lallai wurin tudu ne mai tsawo. Wanda ya taɓa kwana a fili a fadamar Haɗejiya cikin jaura ya san abin da sanyin asuba ke yi wa mai lafiya, balle mai ciwon ƙirji da ke kwana a tanti. Daga wannan dare likitan bai sake miƙewa sosai ba.

Suka shiga Katagum ranar 2 ga Janairu 1824. Garin sabo ne a lokacin, Malam Zaki ya kafa shi a zamanin jihadi, kuma mai mulki shi ne Sarki Ɗankauwa. Tun a hanya aka tarye su da goro, sannan mahaya da makaɗa suka shigo da su. Clapperton ya ce bai ga gari mai ƙarfin tsaro irinsa ba tun Tarabulus, ganuwa biyu da gwalalo uku da ƙofofi huɗu, ya ƙiyasta mutanensa 7,000 zuwa 8,000. A nan suka fara ganin ana ciniki da wuri, domin a Borno da ƙyallen saƙi ake saye da sayarwa. Ɗankauwa ya karrama su ƙwarai, ya ba su masauki da abinci. Labari ya bazu cewa akwai likita, jama'a suka yi ta zuwa, maza masu neman maganin ƙarfi, mata masu neman haihuwa, da masu neman abin da zai tsare su daga ciwon da bai zo ba tukuna. Mutumin da ba ya iya hawa doki sai an ɗora shi, shi ne ke zaune yana sauraron koke-koken mutane yana ba da abin da ya rage a akwatinsa. A wannan tafiya babu ribar da zai samu da hakan. Aikinsa ne, ya yi shi har ƙarfinsa ya ƙare, kuma saboda wannan nake ganin ya cancanci a tuna da shi a nan.

Cikin waɗannan kwanaki na ƙarshe aka yi wani abu da ya fi komai jan hankalina a duk labarin. Aka kira wanzami ya yi wa likitan ƙaho a gefen ƙirji. Clapperton ya tsaya ya kalla, ya rubuta yadda aka yi: aka tsaga fata da aska, aka kafa ƙaho mai huda, aka zuƙe iska da baki, aka toshe hudar. Ya yaba da gwanintar hannun. Mai digirin Edinbara ya miƙa jikinsa ga wanzamin ƙasar Katagum, kuma a wurinsa wannan ba baƙon abu ba ne, domin a Edinbara ma abin da za a yi masa ke nan, sai dai da kofin gilashi. A 1824 likitan Turai yana fitar da jini, yana ba da maganin gudawa da na amai, yana ɗora abin da zai tayar da bororo a fata, yana kuma bayyana ciwo da zafi da sanyi da danshi, kusan yadda littattafan ɗibbu na Larabci ke yi. Bai san ƙwayar cuta ba. Sai a 1847 aka fara sa majinyaci barci da kulorofom a Edinbara, sai a 1867 Joseph Lister ya bayyana hanyar tsabtace rauni, sai a 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar tarin fuka, maganinta kuwa sai a shekarun 1940. Inda Turai ta yi gaba a lokacin shi ne sanin sassan jiki ta hanyar fiɗa, da rigakafin agana, da al'adar aunawa a rubuta a buga domin wani ya gwada. Ratar da muke gani yau tsakanin asibiti da zauren wanzami daga baya ta buɗe, kuma wanda bai san haka ba zai yi wa kakanninsa kallon da bai dace da su ba.

Likitan ya matsa a ci gaba zuwa Kano. Aka yi masa wani katako a kan raƙumi aka shimfiɗa gadonsa, suka bar Katagum, amma ba su yi nisa ba suka tsaya a Murmur. Da safiyar 12 ga Janairu ya sha kofin gahawa, ya ce a yi wa raƙuma lodi. Clapperton ya taimaka masa ya sa tufafi, aka fito da shi, ana shirin ɗora shi sai abokin ya dubi fuskarsa ya ga abin da ke tafe. Ya mai da shi cikin tanti, ya zauna kusa da shi har rai ya yi halinsa. Shekarunsa 33. Aka nemi izinin mai gari, aka wanke gawar yadda mutanen ƙasar ke yi, aka yi mata likkafani da rawuna, aka haƙa kabari kusa da wata tsohuwar bishiya a wajen ƙofar kudu. Clapperton ya karanta addu'ar cocinsu, ya sa aka kewaye kabarin da katangar ƙasa saboda kuraye, ya yanka tumaki biyu aka raba wa mabukata.

Washegari ya kama hanya shi kaɗai, shi ma ba lafiya ba. Bayan Katanga ya sauka a wani gari a ƙarshen jerin duwatsun Dutse, wanda ya rubuta Zangeia, ya ga ganuwa mai faɗi amma gidaje kaɗan, auduga da taba da baba sun cinye inda dā mutane ke zaune, aka ce masa yaƙin jihadi ne ya watse garin. Shekara goma sha bakwai ke nan ko kusa da haka da jagororin jihadi Salihi da Musa suka karɓi Dutse a ƙarƙashin tutar Kano. Ya yaba da kyan ƙasar, gonaki da shanu da mata masu sayar da abinci a bakin hanya. Ya bi ta Garko ya shiga Kano ranar 20 ga Janairu, ya iske Sarki Ibrahim Dabo yana fama da tawayen Ɗantunku, ya ƙiyasta mazauna birnin 30,000 zuwa 40,000.

Ranar 16 ga Maris ya isa Sakkwato, kuma a nan ne girman asarar ya bayyana. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya nuna baƙin cikinsa da mutuwar Oudney, ya ce ya so ƙwarai ya ga likitan Turai wanda zai koya wa mutanensa aikin magani. Ya kuma nemi Sarkin Ingila ya aiko da jakada da likita su zauna a ƙasarsa. Wannan ba maganar fada ba ce kawai. Bello da kansa marubucin ɗibbu ne. Yana da littafi kan ciwon ido, Masugh al-Lujain, yana da al-Qaul al-Manthur kan basir, yana da Ujalat al-Rakib da al-Mawarid al-Nabawiyya, ya kuma yi rubutu kan filasko da yadda ake shan sa domin wanke ciki. Filaskon nan kuwa yana cikin kayan da ayari ke kaiwa Tarabulus, daga can ya shiga kantunan magani na Turai, har likitocin Edinbara na rubuta wa majinyatansu shi. Ga sarki malami da ya karanta ɗibbun Annabi da na hakiman Larabawa, yana gwada su da itatuwan ƙasarsa, ga likita masanin tsirrai da ya fito daga makarantar da ta yarda cewa maganin ƙasa yana cikin ƙasar. Tafiyar 'yan makonni ta rage tsakaninsu. A lokacin babu mai mulkin wani, baƙon yana cin abincin mai gida ne yana tafiya da izininsa, saboda haka da zaman ya yiwu da an yi shi ido da ido, kowa na tambaya kowa na amsawa. Likitocin Turai da suka zo bayan 1903 a bayan bindiga suka zo, kuma ba irin wannan zama suka yi da malamanmu ba.

Ban ce Oudney waliyyi ba ne. Ma'aikacin gwamnatinsa ne, kuma taswirar da tafiyarsu ta samar tana cikin abin da jikokinsu suka taka suka shigo. Mutanen da suka yi musu kallon 'yan leƙen asiri ba wauta suka yi ba. Amma wannan bai hana a bambanta mai tsinkar ganye yana duba marasa lafiya da mai bin harin bayi domin ya ga yaƙi ba.

Kabarin ma bai tsira ba. Tun yana Kano Clapperton ya ji cewa wani ayarin Larabawa ya rushe katangar ya hura wuta a kai, wai mamacin kafiri ne. Da ya biyo ta Murmur a hanyar komawa ya ga ɓarnar, mai garin ya rantse ba mutanensa ba ne, amma fushi ya ɗebi Clapperton ya zabga masa bulalar doki, ya ce sai an sake gini ko ya kai ƙara Katagum da Sakkwato. Aka sake ginawa. Duka biyun abin takaici ne, wulaƙanta kabarin baƙo da dukan dattijon da shi ya ba da wurin binnewa.

A 1826 kamfanin John Murray ya buga labarin tafiyar a Landan, da sunayen Denham da Clapperton da marigayi Likita Oudney a bango. Denham ne ya riƙe alƙalami, ya cika littafin da kansa. Abin da ya shiga na Oudney shi ne babin tafiyar Gat, da bayanansa kan duwatsu da ƙasa da aka zuba a ƙasan shafuka tsakanin Murzuk da Kukawa. Ciwo ya hana shi gyara sauran takardunsa. A 1830 wani limamin kirista, Thomas Nelson, ya rubuta ɗan tarihinsa tare da wasu wasiƙunsa, sannan sai a shekarun 1960 E. W. Bovill ya tono takardun gwamnati ya nuna yawan aikin da likitan da Clapperton suka yi wanda Denham ya danne.

Tsirran da aka kai gida suka faɗa hannun Robert Brown, babban masanin tsirrai na zamanin, shi ma ɗan Sikotlan da ya karanta likitanci a Edinbara. Iri kusan 300 ne. Daga Borno 77, daga ƙasar Hausa 16 kacal, kuma wannan ƙaramin adadi shi ne ma'aunin abin da mutuwar Murmur ta jawo. Duk arzikin itatuwan da ke tsakanin Katagum da Sakkwato, kanya da marke da sabara da ƙirya da magarya, mai tattara su ya riga ya kwanta. Brown ya raɗa wa wani tsiron hamada Oudneya domin tunawa da shi. A cikin wannan rubutu ne kuma ya raɗa wa dangin ɗorawa Parkia, da sunan Mungo Park, ya kawo bayanin yadda ake sarrafa kalwa ta zama daddawa. Sunan da ɗaliban ilmin tsirrai ke haddacewa yau a Jami'ar Tarayya ta Dutse daga wannan littafi ya fito, alhali matan da suka san ɗorawa ciki da waje, waɗanda daga bakinsu bayanin ya samo asali, ba a rubuta sunan ko ɗaya ba. Haka wanzamin da ya yi ƙaho. A ƙarshen littafin an buga fassarar wani yanki na Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, da taswirar da aka zana wa Clapperton a Sakkwato, saboda haka sarkin da likitan sun haɗu a cikin bango ɗaya.

Landan ta amsa roƙon Bello. A 1825 aka sake turo Clapperton ta bakin teku, da likitoci biyu. Robert Morison ya mutu da zazzaɓi a ƙasar Yarbawa tun kafin shekarar ta ƙare. Dickson, ɗan Sikotlan da aka yi niyyar ya zauna a Sakkwato, ya sauka a Wida ya bi ta Dahome, ba a sake ganinsa ba. Clapperton ya iso da kyautar littattafan Larabci, ciki har da na lissafin Iƙlidis da na Ibn Sina, amma ya tarar ana yaƙi tsakanin Sakkwato da Borno, zuciyar Bello ta yi sanyi da shi, ya rasu a can ranar 13 ga Afrilu 1827. Baransa Richard Lander ne ya bi Kwara har teku a 1830. Bello ya rasu a Wurno a 1837 bai ga likitan da ya nema ba.

Sai bayan shekara 38 da mutuwar Oudney wani likitan Edinbara ya shiga Kano. William Balfour Baikie, haifaffen Kirkwall a 1825, shi ne ya jagoranci jirgin Pleiad cikin Kwara da Binuwai a 1854, ya sa mutanensa shan kwinin kullum, suka dawo ba wanda zazzaɓi ya kashe. Ya zauna a Lakwaja yana magani yana ciniki, ya koyi Hausa, ya buga ɗan littafi kan Hausa da Fulatanci a 1861, ya fassara Zabura da aka buga a 1881. A 1862, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, ya hau doki daga kudu ya zo Kano neman takardun Eduard Vogel, Bajamushen da aka kashe a Wadai. Ya koma Lakwaja, ya kama hanyar gida, ya rasu a Saliyo ranar 12 ga Disamba 1864.